Saɓar Kanela

Shekara arba'in Doña Eufrosina tana sayar da jatan landen tafki a kasuwar garin Pátzcuaro, dafaffe da lemon tsami da barkono. Shi ya sa ta kusa shiɗewa don dariya ranar da jikarta Yunuén ta tsamo guda daga kwandon kakar, mai rai, ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin jela, ta sa mata suna Kanela.

Yunuén ta wanke tsohon tankin gilashin da ake jiƙa barkono, ta zuba ruwa da yashi da gansakuka da fasasshen kasko.

"Abinci kike kiwo, 'yar nan," in ji Kaka. "Ranar da ta mutu, ruwan ya bi kwata, ni kuma tankina ya dawo."

Mako biyar Kanela tana ɓuya a ƙarƙashin kaskon. Wata Asabar da safe Yunuén ta fito ta tarar da Kaka a bakin tankin, ludayi a hannu, bokiti a ƙasa. Ga Kanela kwance a kan yashi, fara fat, ƙafafu sama.

"Sai haƙuri. Ko tortiya ɗaya, 'yar wainar masara, ba za ta cika ba. Kama mini mu juye."

Yunuén ta matso kusa da tankin. Ita da ba ta iya musu da mai sayar da burodi, balle Kaka. Amma ta lura haske yana ratsa gawar, bayanta kuma a tsage yake.

"Kaka, dakata. Saɓa ce ta yi."

"Maciji ce?"

"Na karanta. Ba sa saɓa da ƙwai a jiki, sai 'ya'yan sun sauka." Yunuén ta riƙe bakin tankin da hannu biyu.

"To, malama, ina suke?"

Yunuén ta ɗaga gansakukar a hankali da tsinke. Wani abu kamar ƙwayar shinkafa ya yi tsalle da baya. Sai wani. Ta ƙirga sha bakwai kafin Kanela ta leƙo daga kaskon, jawur, ta ja tsohuwar rigarta ta hau ci.

Kaka ta goge tabarau, ta daɗe a sunkuye.

"Shekara arba'in, ban taɓa ganinsu ƙanana haka ba."

Ta ɗauki bokitin ta nufi kicin.

"Barkonon fa, Kaka?"

"Tukunya ma tana jiƙa barkono. Ga wani can a bayan kaskon, ba ki ƙirga shi ba."