Ya Yi, Tsaya Haka

Ranar Alhamis ce, washegarin Babbar Sallar 1995. Tun safe rana ke dukan Suleja, ƙanshin soyayyen nama ya cika unguwarmu ta Hashimi, amma ta gabas hadari yana haɗuwa a hankali, irin wanda ba ya watsewa a banza.

Sunana Ɗantala. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare, ba korata aka yi ba, zama wuri ɗaya ne ban iya ba. Na yi kwandasta a motar Madalla, na yi faci, na ɗan zauna wajen mai gyaran rediyo. Kowane aiki nakan bar shi kafin ya saba da ni. Abu guda da ban taɓa bari ba shi ne Muhsin. Tare muka taso, ɗakinmu ɗaya a gidan hayar Baba Azumi. Duk sanda direbobin Legas suka ce in bi su, amsata ɗaya ce: ina da amini a garin nan. 'Yan tasha sun sha gaya mini cewa tun da ya sami aikin masinja a Abuja ya fara jin kunyar a gan shi da ni. Nakan ce hassada ce ke damunsu.

Akwatin talabijin nasa ne, eriya tawa. Ni na haɗa ta da ƙarafunan tsohuwar laima, na ɗaure a kan doguwar gora a bisa rufin ɗakinmu. Mutanen unguwa sun ce Dutsen Zuma ne ke tare mana hoto. Ko shi ne ko ba shi ba, in za a yi kallo sai wani ya hau sama yana juya gorar, na ɗaki yana ba shi umarni ta taga. In aka ce “juya”, ka juya. In aka ce “ya yi”, to ka daskare yadda kake, ko da ƙafa ɗaya kake tsaye, har sai an sallame ka. Mu biyu karɓa-karɓa muke yi. Da an shiga talla, na sama ya sauko, na ƙasa ya hau.

Satin nan kaf gidan talabijin na ta sanar da wani katun na musamman don hutun yara, wai labarin abota tsakanin bushiya da gauraka. Za a nuna ranar Sallah, a maimaita washegari da la'asar. Ranar Sallah muna yawon gaishe-gaishe, don haka Muhsin ya gayyaci Tayyiba da ƙannenta su zo maimaicin. Tayyiba ita ce yarinyar da yake nema. Ya gaya mata shi ofisa ne. Ni kuwa na san shayi yake kai wa ofisoshi, kuma kowa ya san bakina ba shi da birki.

Suka iso cikin kayan Sallah, yaran gida ma suka cika tabarma. Na fito da sabuwar shaddata da hula, na fara gaishe ta, har na buɗe baki zan ba ta labarin ranar da akuya ta kori Muhsin daga kasuwa. Sai ya dafa kafaɗata, ya ce wa Tayyiba kaf Suleja babu mai hannun eriya kamar nawa, in na riƙe gora har gashin girar mai karanta labarai ana gani. Ya ce shi zai zauna ya fassara wa yara Turancin, da an shiga talla zai karɓe ni.

Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye ba. Na hau tsani da takalman Sallah.

Daga sama ba na ganin komai, murya kawai nake ji. Ya ce in juya hagu, na juya. Ya ce kaɗan dama. Can ya ce ya yi, na daskare. Na ji kiɗa ya tashi, yara suka yi tsit, Muhsin ya gyara murya ya shiga fassara. Wai gauraka zai yi tafiya mai nisa, bushiya ta yi alkawarin tsayawa kan tudu da fitila har ya dawo, don kada ya ɓace hanya. Wai dusar ƙanƙara ta fara zuba, bushiya na rawar sanyi, amma ba ta motsa ba.

Daidai nan aka fara yayyafi a kaina.

Na jira talla. Gidan talabijin ɗin nan ba ya iya minti goma bai tallata sabulu ba, amma ranar shiru. Na ce a raina sun girmama yara ne. Iska ta taso, kwanon rufi ya fara ƙara, hulata ta tashi ta faɗa gidan maƙwabta. Lokaci-lokaci Muhsin kan leƙo da murya ya ce in ɗan juya, sannan ya ce ya yi. Har mamakin kaina nake yi, yadda nake riƙe hoto cikin wannan iska.

Ruwa ya kece. Shadda ta manne mini a jiki, rinin ya bi ƙafafuna. Ta taga na ji Muhsin ya sassauta murya, irin ta masu wa'azi a rediyo, yana gaya wa yara cewa darasin shi ne aboki na gaskiya ba ya barin ɗan'uwansa a waje cikin sanyi. Tayyiba ta ce Allah sarki. Wata ƙaramar yarinya ta fara shessheƙa saboda bushiya.

Sai iska ta yi wani irin bugu. Gorar ta karye a hannuna, eriya ta yi sama, ta tsinke waya, ta faɗa bayan gida cikin kwata. Na tsaya riƙe da guntun gora, ina tunanin yadda na ɓata wa aminina rana a gaban budurwarsa.

Daga ɗaki na ji muryarsa, a natse.

“Yawwa mutumina, ya yi. Tsaya haka.”

Na ɗan tsaya hakan kuwa, saboda sabo. Sannan na sauko a hankali, santsi ya ƙwace mini takalmi ɗaya, ruwa ya tafi da shi. Na zagaya na leƙa ta taga. Hoto tangaran, yadda ban taɓa gani ba a ɗakin nan. Ƙarƙashin tebur, an lulluɓe da sallayata, wata jar fitila na ƙyaftawa. Na gane ta. Bidiyon Alphonsus ce, mai shagon kaset na bakin titi, wanda kan ɗauki shirye-shirye daga talabijin yana ba da haya. Ashe tun jiya aka ɗauki katun ɗin, har an yanke talla. Wayar eriyata tana reto a jikin bango, ba a ma soka ta ba.

A allon, gauraka ya dawo, ya lulluɓe bushiya da fukafukansa. Yara na tafi.

Na sa baki a taga na ce, “Ofisa, ya yi?”

Bai waiwayo ba. Ya ce, “Ya yi sosai, kada ka motsa.”

Tayyiba ce ta fara juyowa, sai yaran, sai shi. Ban ba da labarin akuya ba, ban ambaci shayi ba. Karo na farko a rayuwata bakina ya kama birki da kansa. Baba Azumi ta leƙo daga ƙofarta ta ce in shigo in sha kunu kafin zazzaɓi ya kama ni. Yarinyar da ta yi wa bushiya kuka ta nuna ni tana dariya.

Ranar Asabar na bi motar Legas. Muhsin ya rako ni tasha, yana ta cewa wasa ne, ai na san shi. Na ce na san shi.

Abin da aka rasa: eriya ɗaya, gora ɗaya, hula ɗaya, takalmi wari guda, shaddar da ba ta sake sawuwa ba, da amini ɗaya. Katun ɗin kuma har yau ban zauna na kalla ba.