Kawuna Huɗun Wanzami Ya'akubu

Shekara ashirin Wanzami Ya'akubu yana unguwar Hausari yana cika baki, wai manyan Yerwa ba sa sunkuyar wa kowa kai sai shi. A watan Safar na shekarar da jirgin ƙasa ya iso, kawuna huɗu suka kuɓuce masa. Malam Umara mai tafsiri a Shehuri ya fara rasuwa, sai Ba'ana mai algaita, sai hedimasta, sai Alhaji Abdulsalami dillalin fatu. Nan fa raɗe-raɗi ya tashi, wai askarsa ce ke sallamar mutane. Masu zuwa rumfarsa suka gano ashe suma ba ta da nauyi.

Ran nan da hantsi yana wasa askar da ba ta dakushe ba, sai ga amininsa Bukar mai gyaran keke, ya tuɓe hula ya zauna a tabarma.

"Ba ka ji abin da ake faɗa ba?" in ji Ya'akubu.

"Na ji. An ce manya take ɗauka. Ni kuwa ko a gidana matata Falmata ba ta ɗauke ni babba ba. Jiƙa kan, malam."

Ya jiƙa, ya ɗora aska. Sai ya kasa jan ta, domin duk garin abokin hira ɗaya ya rage masa, ga shi a ƙarƙashin kaifi. Ya ajiye, ya ce ruwan ya yi sanyi, bari ya ɗumama shi.

Bukar ya dubi murhun da ba wuta, ya ci gaba da jira da jiƙaƙƙen kai.