Likitar da Ta Ƙi Yanka

Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji haushin likitar nan ba. Maigidana na kwance a ɗakin kulawa ta musamman, ciki a kumbure, robar abinci ta hanci, ita kuwa kullum maganarta ɗaya: a jira.

Tsakuwa ce daga matsarmama ta toshe hanya, ta kumbura wata tsoka a bayan tumbi, wai ita fankiriyas, har wani sashenta ya mutu. To, abu ya mutu a cikin mutum, kuma a ce a bar shi?

Yayansa bakanike ne. A wajensa duk abin da ya lalace buɗe shi ake yi. Wata safiya ya tare ni a baranda, hannu duk baƙin mai.

"Na samo asibitin da za su yi masa aiki yau. Mota na waje. Ke kawai ake jira."

Na tafi wajen likitar ina huci. "Likita, tsoro kike ji ne?"

"Ƙwarai kuwa," in ji ta. "In na buɗe shi yanzu, ba zan bambance mataccen nama da mai rai ba, jini zai ɓalle mini. Ki bari jikinsa ya killace wurin tukuna."

Na dawo baranda na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba inda za shi."

Dangi suka daina amsa gaisuwata. Na san in ya mutu, ni na kashe shi a bakinsu, kuma ni ma haka zan ɗauka. Makonni suka shige. Da zazzaɓi ya taso, aka ɗauki hoto, likitar ta ce jikinsa ya killace wurin, lokaci ya yi. Ƙaramar roba suka zura ta kwiɓinsa, ruwa mai kalar laka ya yi ta tsiyaya cikin leda. Wallahi ban taɓa murna da ƙazanta haka ba.

Zazzaɓin ya sauka. Ranar da nas ta ce a gwada masa shayi, na kai cokali bakinsa. Ya haɗiye, ya yamutsa fuska.

"Wa ya haɗa wannan? Ko sukari babu."

Na fashe da dariya, sannan na zauna a ƙasa ina kuka.