Hedifon Uku da Kukan Ɗigo

Bangon da ke tsakanina da maƙwabciyata ba shi da wani kauri. Idan ta ajiye cokali a faranti ina ji. Ma'aikaciyar jinya ce, aikin dare take yi, da rana take barci. Sau ɗaya na taɓa kunna waƙa a wayata, ta buga bangon da takalmi, ban sake ba. Ko ba don ita ba ma, Ɗigo ba ta da nauyin barci. Ɗigo 'yata ce, ba ta cika shekara ba. Babanta ne ya laƙaba mata sunan ranar da ya fara ɗaukarta, wai ba ta fi ɗigon ruwa ba.

Shi yana can nesa wurin aikin shimfiɗa bututu, sai an kwana biyu yake leƙo mu. Ni a ɗaki nake nawa aikin. Wani shagon ɗinki ke aiko mini da riguna, ina maƙala musu duwatsu da allura. Idan Ɗigo ta yi barcin rana, daga ni sai zare sai kukan firij. Wata rana na kama kaina ina yi wa firijin amshi.

Da na faɗa wa babanta a waya ya yi dariya. Ya ce in je shagon abokinsa mai kayan sauti in zaɓi hedifon, abin nan da ake ɗorawa a kunne a ji waƙa.

Na goya Ɗigo muka tafi. Mai shagon yana ganina ya miƙe.

"A'a, matar abokina! Wannan ce Ɗigon? Ai ta zama bokiti."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," na ce. "Wanda ba zai tashe ta ba nake so, kuma ba zai tashi maƙwabciyata ba."

Ya nuna mini wasu masu raga a bayansu, ya ce waɗannan in manta da su, duk wanda ke ɗakin sai ya ji abin da nake ji. Mai rufaffen baya ya dace da ni, shi yake tsare sauti a ciki. Na miƙa hannu zan gwada ɗaya, ya janye.

"Ba a nan ba. Ga babura, ga janareton maƙwabta, a shagon nan kowane hedifon ƙarya yake yi. Ki tafi da uku gida, ki ji su a inda za ki zauna da su. Waƙa ɗaya za ki sa musu duka, kada ki canza. Wanda ya kwanta miki ki riƙe, ki dawo mini da biyu."

Washegari da Ɗigo ta yi barci na jera su a kan gado: baƙi, fari, da ruwan toka. Na zaɓi wata waƙa da nake so tun ina makaranta, mace ce ke yi da jita, ganga na bin ta a hankali.

Baƙin na fara sawa. Yana da nauyi, ya matse mini kai kamar ɗaurin ɗankwalin da aka yi da fushi. Gangar ta fito da ƙarfi har ina jin ta a ƙirji, amma muryar matar ta koma baya, sai ka ce daga cikin kabad take waƙar. Kafin a kai rabi kunnuwana sun yi gumi.

Farin ba shi da nauyi ko kaɗan, roba ce zalla. Muryar ta matso kusa, tsaf nake jin kalmomin, sai dai siririya ce, wani wurin har tana sukar kunne. Gangar kuwa ta koma kamar yaro na ƙwanƙwasa kwano. Kuma ta ƙarƙashin waƙar ina jin firij, ina jin mai sharar bene yana jan tsintsiya.

Da na sa ruwan tokan, soson ya rufe kunnena ruf, ɗakin ya ɓace tun kafin in kunna komai. Sai jitar ta shigo ta hagu, gangar ta zauna can ƙasa inda ya kamata, matar ta tsaya a gabana. Na ji ta ja numfashi kafin ta ɗaga murya. Na ji yatsan mai jita yana goga tsirkiya. Shekara da shekaru ina jin waƙar nan, ban taɓa sanin akwai namiji da ke yi mata amshi ƙasa-ƙasa ba. Da ta ƙare na ga allura a hannuna, ban maƙala dutse ko ɗaya ba.

Ni ba na yanke abu da daɗin kunne kaɗai. Na naɗe filo, na maƙala masa kowanne kamar kai ne, na kunna, na je na kwantar da kaina kusa da na Ɗigo. Farin yana yoyo, wani tsit-tsit kamar sauro. Baƙin ɗan bugu kawai ake ji. Ruwan tokan shiru. Ya ci wannan ma.

Saura gwaji ɗaya, kuma shi ne babba. Abin da ya hana sauti fita zai hana shi shiga. Idan Ɗigo ta farka tana kuka, zan ji?

Wannan gwajin sai da mutum. Sai wani ya tsaya a bayana ya kira ni ban san lokacin ba. Na saki cokali a ƙasa, na ji, amma ai ni na sake shi, kunnena yana jira. Na tsaya tsakiyar ɗaki da hedifon a wuya ina lissafa waɗanda zan iya cewa su zo su kira sunana. Mamata tana nesa. Ƙawayen makaranta kowacce ta kama gabanta. Na daɗe a tsaye a wurin.

Da yamma Ɗigo ta tashi, na shayar da ita, na zaunar da ita a tabarma da murfin roba tana wasa. Sai na ji butar maƙwabciyata tana tafasa ta bango. Na gyara ɗankwali na je na ƙwanƙwasa.

Ta buɗe da kofi a hannu, babbar mace, idonta duk barci.

"Ke ce mai waƙar nan?"

"Sau ɗaya ne fa, Anti."

"Sau ɗayan ya ci mini dunduniyar takalmi. Lafiya?"

Na yi mata bayani ina jin kunya. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta kurɓi shayinta.

"Wato kuka kike so in zo in yi miki."

"Ko kira ma ya isa."

"Kira ba kuka ba ne, 'yar nan. A ɗakin jarirai nake kwana. Wanne kike so, na yunwa, na jiƙa, ko na rigima kawai?"

Ta biyo ni da kofinta. Muka shirya zan zauna in fuskanci bango in rufe ido, ita tana bayana kusa da tabarma. Idan na ji, in ɗaga hannu.

Da farin, tana farawa na ɗaga. Wallahi da ban san ita ce ba sai in ce jaririn kwana uku ne. Na juyo na ga Ɗigo ta saki murfin tana kallonta da baki buɗe, muka yi dariya.

Da baƙin ma na ɗaga, amma Anti ta ce na makara. "Da yunwa ce da jaririn ya cinye hannunsa."

Na sa ruwan tokan. Na jira. Jitar ta shigo, ina jira. Na ce a raina Anti tsokanata take yi, so take in saki jiki. Matar ta fara baiti na biyu, namijin nan ya bi ta, ni ma ban san lokacin da na bi su ba. Kafaɗuna suka sauka. Rabon da in zauna haka, ba na sauraron kowa sai abin da nake so, tun kafin in haihu.

Ban san me ya sa na juya ba. Ɗigo tana hannun Anti, ta banƙare, fuskarta jage-jage da hawaye da majina, hannuwanta biyu a miƙe wajena. Bakinta a wangame, har ina hango haƙoranta biyu na ƙasa, kuma babu ƙara ko kaɗan. Matar tana ta waƙarta a kunnena cikin natsuwa.

Na fizge hedifon. Kukan ya faɗo mini gaba ɗaya, irin wanda murya ta riga ta dushe. Na karɓe ta, ta ƙanƙame wuyana tana shessheƙa.

"Kukana ne ya tsorata ta," in ji Anti. Ta daina wasa. "Ta kama nata, ta rarrafo har ta kusa taɓa zanenki, na ɗauke ta. Da gangan na ƙi taɓa ki. Gwaji kika ce."

"Ta daɗe?"

"Ta ɗan daɗe."

Na zauna bakin gado ina jijjiga ta. Anti ta ɗauki hedifon daga ƙasa ta kakkaɓe, ta kara a kunne ɗaya.

"Kai, abin da daɗi kuwa. Kawo ta in riƙe miki, ki ƙarasa waƙarki."

Na girgiza kai. Ta duba agogonta, ta ce motar aiki ba ta jira, ta ɗauki kofinta ta fita. Ina jin ta ta bango tana neman mabuɗi.

Da safe na naɗe baƙin da ruwan tokan a ledarsu muka koma shago. Mai shagon ya buɗe, ya leƙa, ya ɗago.

"Kin yi kuskure, matar abokina. Farin kika bari a gida."

"Shi na riƙe."

"Haba! Ai don ki ji bambanci kawai na haɗa miki da shi. Ganga ba ta fita, ga yoyo. Ba kin ce kada ya tashi yarinya ba?"

"Zan rage ƙarar."

"In kika rage me ya saura? Ruwan tokan nan fa, ban taɓa ba wani ya dawo da shi ba. Bai yi miki daɗi ba ne?"

"Ya yi," na ce. "Ya fi su duka."

Ya dube ni, ya dubi Ɗigo da ke leƙowa ta kafaɗata tana tsotsar yatsa. Ya goge soson ruwan tokan da tsumma, ya miƙo mini.

"To ki ƙara ji sau ɗaya kafin in rataye shi. Ni ina kallon Ɗigo."

Na ce a'a, rigunan mutane na jirana. Na gyara goyo na fito titi. Wani babur ya wuce da ƙara, Ɗigo ta zabura ta yi ɗan ƙorafi a bayana, na kai hannu na dafa ta, muka ci gaba da tafiya.