Firjin Kudus

Tun farkon zangon karatu Faruƙ ne ke koya wa Safiatou fiziks. Ajinsu ɗaya a wata kwaleji a Bronx, shi ɗan Kano, ita 'yar Maraɗi. Duk Asabar bayan azahar sukan zauna a bayan shagon yayanta da ke Fordham Road, yana warware mata tambayoyi, tana yaba kaifin kansa.

Sai ta gayyato Kudus, ɗan ajinsu daga zangon Kumasi, mai aikin kwashe kayan masu ƙaura. Mako biyu da zuwansa, ta daina turo littafinta wajen Faruƙ.

Ran nan suna kan babin aiki da makamashi, ta ce ita har yanzu ba ta gane bambancin work, wato aiki, da power ba. Faruƙ ya buɗe baki, Kudus ya riga shi.

"Jiya na hau da firji mai kilo tamanin bene huɗu, mita goma sha biyu ke nan. Ko na yi sauri ko na yi nawa, aikin ɗaya ne. Saurin da na yi shi, shi ne power. Minti biyu na yi."

Safiatou ta yi dariya, ta ce yau kam ta gane. Faruƙ ya fizgi biro ya ce bari ya fitar musu da amsa, tunda labari ba ya cin jarrabawa. Ya samu aikin ya kai jul dubu tara da ɗari shida, ya raba da minti biyun don ya sami power.

"Wat dubu huɗu da ɗari takwas," in ji shi.

Kudus ya leƙa takardar. "Malam, da haka ne ai ni janareta ne. Mintin za ka mayar sakan. Wat tamanin ne."

Ba da gatse ya faɗa ba, wannan ya fi ƙona wa Faruƙ rai.

Makon nan kaf Faruƙ ya yi shi kan babin, tambaya arba'in da uku, har a cikin jirgin ƙasa. Da aka raba takardun gwaji ya ci casa'in da huɗu, ya ɗara Kudus da maki goma sha uku. Ya juyo zai nuna wa Safiatou, ya tarar tana miƙa wa Kudus tata, saba'in da takwas, tana yi masa godiya. Faruƙ ya ninke tasa ya sa a jaka. Da ta tambaye shi ko zai zo ranar Asabar, ya ce zai duba.