Kujera Ɗaya a Gaban Jirgi

Likitan ƙashi bai yi mana kwana-kwana ba. Ya ce Mama za ta iya zuwa haihuwar Auta, ƙanwarmu da ke aure a wata ƙasa mai nisa, amma bayanta da aka yi wa aiki ba zai ɗauki dogon zama a jirgi ba. Ko dai a samu kujerar gaba, irin wadda ke miƙewa ta zama gado, ko ta haƙura ta ga jikan nata a waya. Mama ta ce to, ta ɗauki sandarta muka fito. A mota ta kafa wa taga ido har muka isa gida.

Abin da ba ta sani ba, na daɗe ina tara maki. Shagon fenti gare ni, kuma duk gwangwanin da na saro da katin banki nake biya, bankin yana zuba mini maki kaɗan-kaɗan, irin wanda ake sayen tikitin jirgi da shi. Masu kawo mini kaya har suna suka sa mini, Mai Kati. Maigidana kuwa cewa yake kazar nan tawa ta daɗe a kan ƙwai, har yanzu bai ji kukan ɗan tsako ba. Ni dai ban kula su ba. Idan babu ciniki nakan zauna bayan kanta in kalli bidiyon kujerun bizines, wato na gaban jirgi, da filo da bargo da ɗan ƙyauren da mutum zai ja ya rufe kansa. Ban taɓa zama a irinta ba. Da farko kaina nake wa tarin, amma daga ranar da likita ya yi magana, kujerar ta zama ta Mama.

Ban gaya wa kowa ba. Mu haka muke a gidanmu, ba ma faɗin alheri sai ya tabbata. Yaya ne ma na fi ɓoye wa. Shi aikinsa na yawo ne, hawa jirgi a wurinsa kamar shiga tasi, makinsa ya fi ƙarfin buƙatarsa. Da ya ji, cewa zai yi, "Bar shi kawai, zan yi." Ni ce mai kai Mama asibiti, ni ce mai zaman layin karɓar magani, amma duk abin da za a ɗaga a nuna wa baƙi, na Yaya ne. Sau ɗaya dai ina so in miƙa wa uwata babban abu da hannuna.

Sai dai sayen tikiti da maki ba kamar sayen fenti ba ne. Kamfanin jirgi kujeru 'yan ƙalilan yake saki don masu maki, wani lokaci ma babu. Makin nawa kuma a banki yake, sai na tura shi zuwa kamfanin jirgin tukuna, kuma idan ya tafi ba ya dawowa. Na yi makonni ina leƙa manhajarsu ba komai. Ran nan da safe, ina cikin jera burushi, na duba sai ga kujera, a daidai makon da ake sa ran haihuwar. A ƙasa an rubuta da jan rubutu cewa saura ɗaya.

Nan take na kira kamfanin. Wata mata mai sanyin murya ta ɗauka.

"Don Allah baiwar Allah, ki riƙe mini kujerar nan, yanzu zan turo makin. Mahaifiyata ce, ba ta da lafiyar baya."

"Ayya, Allah Ya ba ta lafiya. Amma ba ma riƙe kujera sai makin ya shigo."

"Yaushe zai shigo?"

"Wani lokaci nan take, wani lokaci sai an jira. Daga bankinku ne."

Na ajiye wayar a kan kanta na zuba mata ido. In na tura makin, kujerar kuma ta tafi kafin ya shiga, na yi biyu babu. In na tsaya tunani, wani zai ɗauke. Na yi bisimilla na danna. Makin da na tara tun shagon nan yana ɗan ɗaki guda ya ɓace daga banki, a can kuma bai bayyana ba.

Daga nan ban sake sanin inda kaina yake ba. In duba banki, in duba kamfani, in koma in ga ko jan rubutun yana nan. Yana nan. Wani tsohon mai fenti da ya daɗe yana sayayya a wurina ya shigo neman ruwan toka mai haske. Na ɗiga launi, na sa gwangwanin a injin kaɗawa, ido na kan waya. Da muka buɗe sai ga shi ya fito kamar tsanwa.

"Uwar ɗakina, ofis zan shafa fa, ba lambu ba," in ji shi.

Na ba shi haƙuri na sake haɗa wani. Ya dube ni ya ce in sha ruwa, fuskata ba daidai take ba. Ƙarar injin nan da na saba da ita ranar har cikin haƙorana nake jinta.

Rana na tsaka wayar ta yi ƙara. Maki ya shigo. Na buɗe shafin jirgin da sauri har na kuskure ranar, na koma na gyara. Babu kujera. Na rufe na sake buɗewa. Babu.

Na sake kiran kamfanin, wannan karon namiji ne ya ɗauka. Ya ce an saye ta ɗazu kaɗan. Na ce ya duba gobensa, ya duba jibinsa, ya duba makon gaba. Ya duba, ya ce gaba ɗaya watan babu, na bayansa ma babu. Na ce to a mayar mini da makina banki. Ya ce in yi haƙuri.

Na zauna a kan bokitin fenti na yi kuka mai isata. Sannan na wanke fuska, na ja ƙofar shago na kulle. Girman kai ba zai kai Mama wurin Auta ba. Na yanke shawarar in je gidanta, in kira Yaya a gabanta, in roƙe shi ya san yadda zai yi. A hanya ina ta shirya maganar a raina, kowace jimla ɗaci take mini.

Tun daga bakin ƙofa na jiyo dariyar Mama. Tana zaune a gefen gado, akwati a buɗe, zannuwa barbaje, waya a jingine da filo, fuskar Yaya ta cika ta.

"Shigo, shigo, 'yar albarka! Kin ji abin da yayanki ya yi? Zan tafi! A kwance zan tafi!"

Ta juyo mini da wayar. Yaya ya ɗaga hoton tikitin ya nuna mini. Jirgin ne, ranar ce.

"Ban so in faɗa ba sai ya tabbata," in ji shi. "Tun ranar da kuka je wurin likita nake fakonta. Kin san guda ɗaya tak suka saki? Ɗazu ina fitowa daga taro na gan ta, ban ko zauna ba na cafke."

Mama tana share hawaye da gefen zane. Rabon da in ga fuskarta haka tun kafin aikin nan. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, amma sai na durƙusa gaban akwatin na kama ninke zannuwa.

"Irin waɗannan kujerun mutane da yawa ke jira," Yaya ya ƙara da cewa yana dariya. "Yanzu haka akwai wani bawan Allah can yana cizon yatsa."

"Kai, ban da dariya," in ji Mama. "Ko wane ne, Allah Ya ba shi wadda ta fi ta."

Ta dafa kafaɗata, tana jira. Na ce amin.