Kaza a Cikin Goran Malam Baƙo

Duk wanda ya san Malam Baƙo ya san shi da goransa. Ƙaton goran su ne, irin wanda masunta ke kifa ciki a kai su yi ta yawo bisa ruwa kamar kwaɗo, in sun kama kifi su jefa ta bakin. A ƙauyensu na gefen Guri har cewa ake yi goran ya girmi Rilwanu, babban ɗansa namiji, kuma ya fi Rilwanu jin magana.

To, bara da ruwa ya cika fadama, tsohon ya kutsa cikin kacala, ciyawar nan da ta cinye kogi, ya maƙale. Sai da aka kai kwalekwale aka ciro shi. Shi dai ya fito, amma kacala ta riƙe wandon. Haka aka sauke shi gaban mata masu wanki, yana kare mutuncinsa da hula. Kafin la'asar labari ya isa Haɗeja, inda Rilwanu ke da shagon shinkafa. Ya hau babur ya zo, ransa a ɓace.

"Baba, na rantse, in ka sake shiga ruwan nan, Haɗeja za ka koma, gidan Yaya Mairo. Ba zan zauna ina jiran a aiko min da gawarka ba."

Malam Baƙo ya san abin da ke jiransa. Ya taɓa zama a gidan Mairo. Gida ne mai tayil da ƙaton get, ruwa sai na buta, kifi sai wanda ya kwana a firij ya manta sunan kogi. Da ya dawo cewa ya yi gara a sa shi a rumbu a rufe.

Da yake Rilwanu sai ƙarshen mako yake zuwa, tsaron tsohon ya faɗa kan matar Rilwanun, Zainaba. Ita kuwa ina ta ga bakin ce wa suruki kada ka je? Akwai kunya. Sai dai abin da kunya ta hana baki, dabara kan yi shi. Daidai lokacin mahaifiyarta ta aiko mata da ƙwan agwagi guda tara daga wajen Baturiya, irin farare ƙal ɗin nan da babu mai su a ƙauyen. Ita kuma tana da wata jar kaza mai masifa da ta fara neman kwanci. Sai ta zuba ƙaiƙayi a cikin goran, ta jera ƙwan, ta tura kazar ciki. Sannan ta je ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, na ga goran nan yana zaune a banza bayan rumbu, shi ne na ɗan ara wa kaza."

"Allah ya yi albarka," in ji shi.

Ya gane sarai. Kaza mai kwanci ba a taɓa ta. In ka fitar da ita za ta cika unguwa da ihu, ta yi fushi ta bar ƙwai su lalace, kowa ya san wanda ya yi. An ba shi ɗan sanda mai fukafukai ke nan.

Ya zama kullum yana zaune a kan tabarma ƙofar gida, yana jan carbi yana kallon wajen da ruwa ke sheƙi. Jikokinsa biyu ne abokan zamansa: Shamsiyya, mai shekara goma da baki kamar reza, da ƙanenta Haris, wanda bai cika magana ba sai ci.

"Tsoho, yau kuma fuskar nan kamar an jiƙa kanwa," in ji Shamsiyya. "Ni fa ba zan zauna da miji mai zaman banza ba. Saki zan nema."

"Nemi mana, amarya. Wa zai kwashe ki da wannan haƙoran kamar an watsa masara?"

"Gara ni, nawa suna nan. Naka fa? Ko kacala ce ta riƙe su tare da wandon?"

Ya kai mata duka da carbi, ta goce tana ƙyalƙyala dariya. Sai da ta gaji sannan ya yi ajiyar zuciya ya ce ga ruwa ya fara ja, ga karfasa ta yi ƙiba, ga shi kaza ta yi masa sarauta a cikin gora.

Haris, da ke tauna ɗanyar gyaɗa, ya ɗago kai. "To a tafi da ita mana."

"Da wa?"

"Da kazar. Ai ba ta ce kada a ɗauki goran ba. Fita ce ba ta so."

Malam Baƙo ya daɗe yana kallon yaron. Daga nan ya jawo shi ya shafa masa kai, ya ce wannan ƙaton kan ashe ba banza ba.

Zainaba na zuwa islamiyyar matan aure bayan azahar, sai la'asar ta dawo. Tana fita, Shamsiyya ta tsaya gadi a zaure, Haris ya buɗe ɓarakar danga ta baya, tsohon ya ɗora gammo ya ɗauki gora a ka, da kaza da ƙwai da komai, yana tafiya sannu-sannu kamar mai kai amarya. Kazar ta leƙo, ta ga sama na motsi, ta yi gunaguni ta koma kan ƙwanta. Ta riga ta ƙulla niyya, ko duniya za ta tashi ba za ta ɗaga ba.

Haka aka fara. Ya sa gora a ruwa, ya kifa ciki, ya ɗan bar wa kaza ƙofar shan iska, ya rataya buhu a wuya don kifi tunda masauki ya cika. Ranar farko da ruwa ya taɓa masa gwiwa, sai da hawaye suka zo masa, ya ce wa yara rana ce ta shiga idonsa. Abu ɗaya ne kawai: kazar ba ta son a rufe mata haske. Duk sanda tumbinsa ya matso, sai ta kai sara. Daga bakin gaɓa yara kan ji shi yana cewa, "Kai! Allah ya isa, 'yar banza!" su yi ta birgima a yashi don dariya.

Kifin ba ya zuwa gida, don kifi a gida shaida ne. Nan gindin wata giyayya suke hura wuta su gasa, Shamsiyya ta zo da gishiri da yaji a ƙulle a bakin zane. Shi ya ɓare musu ƙaya, ya ba su tsoka, ya tsotsi kai. A nan ya koya wa Haris gane tarwaɗa daga irin kumfar da take yi, ya koya wa Shamsiyya ƙulla ƙugiya, ita kuma ta koya masa cewa in ya rage mata rabo za ta faɗa wa Umma. Duk wanda ya wuce ya gan su, a miƙa masa karfasa guda, bakinsa ya mutu. Kafin a ce me, duk ƙauyen an sani, har liman, ban da Zainaba.

Ita dai abubuwa sun ɗaure mata kai. Yara sun daina cin tuwo amma sai ƙiba suke. Kaza in ta fito shan ruwa tafiya take tana tangaɗi. Ga Baba kullum yana sosa ciki, har ta aika Shamsiyya da man ƙuraje, ta ce a ce masa ya riƙa shafawa safe da yamma. Ya karɓa ya yi godiya, ya kuma shafa, don saran da zafi.

Rana dubu ta ɓarawo, in ji masu magana. Ran nan tsohon ya yi saurin ɗauka bai leƙa ba, ashe tun safe ƙwai suka fashe. Yana tsakiyar ruwa sai ya ji "tsiyo-tsiyo" a ƙarƙashin cikinsa. Ya yi tsit. Ya sake ji. Ya juyo gaɓa da sauri.

"Amarya, an sauka! Mun yi baƙi."

"Mu gani! Mu gani!"

"A'a, gida za mu."

"Wallahi sai na gani, ko in yi ihu."

Ya san za ta aikata. Ya ɗan karkata goran a kan yashi don su leƙa. Ai kuwa sai ga 'yan agwagi suna gangarowa, rawaya-rawaya kamar an mulmula auduga a kurkur. Suka ga ruwa. Jini ba ya ƙarya: ko waiwayen uwar riƙonsu ba su yi ba, suka faɗa ɗaya bayan ɗaya. Kaza ta fito ta tsaya a baki tana zarya tana kururuwa, wai 'ya'yanta za su nutse.

Ana cikin haka sai ga ƙarar babur. Ashe malamar islamiyya ta tafi suna, Zainaba ta dawo da wuri, ta tarar babu gora babu kaza babu suruki, ga kuma Rilwanu ya iso ba zato. Ba su sha wahalar nema ba, ihun kaza ya yi musu jagora. Mata masu wanki suka bar wanki suka biyo, don irin wannan ba a bari a ji a bakin wani.

Rilwanu ya sauka ya dubi mahaifinsa, ruwa na ɗiga daga gemu, buhun kifi a wuya.

"Baba, shi ke nan. Gobe ka haɗa kayanka."

Tsohon ya waiwaya. Ya dubi ruwan, ya dubi giyayyar da tokar wutarsu. Shamsiyya ta matso ta riƙe masa hannu.

Sai Zainaba ta ƙwala ƙara. Ta hango agwaginta, ruwa na jan su sannu a hankali zuwa kacala, ga shirwa ta fara kewaya a sama.

"Wayyo agwagina! Na Inna! Baba, hau ka kamo su! Baba, don Allah yi sauri!"

Kunyar suruki ta bi ruwa. Malam Baƙo ya dube ta, wani abu ya motsa a gefen bakinsa. Ya sauke buhu, ya nemi wuri mai inuwa, ya zauna ya miƙe ƙafa.

"Ni? Ai an hana ni shiga ruwa, 'yata. Ni mutumin Haɗeja ne. Me ya haɗa ni da agwagi?"

Rilwanu ya ce shi zai shiga, ai shi ma ɗan masunci ne. Ya naɗe wandon shadda ya kifa kan gora. Sai dai shinkafar Haɗeja ta yi masa tumbi. Goran ya juya sau ɗaya ya zubar da shi kamar buhu, ya taso yana tari, hula ta yi nata wuri. Mata suka rufe baki da mayafi, kafaɗu na rawa.

Zainaba ta juya kan mijinta, ta rage murya, amma har na bayan-baya sun ji. "Baban Shamsiyya, ka janye maganar nan. In shirwa ta cinye su, kai za ka je ka gaya wa Inna."

"Rantsuwa fa na yi!"

"Sai ka yi kaffara. Shinkafa ce da kai."

Rilwanu ya share ruwa daga fuska ya dubi tsohon, wanda ke sakace da tsinke kamar ba da shi ake ba.

"To, Baba, na janye."

"Kunnen nan ya tsufa. Ɗaga murya, masu wanki su ji."

"Na janye! Amma iyakarka nan gaban giyayya. Kacala kuwa ko da wasa. Kuma sai da yaran nan a gaɓa."

"Yanzu ka yi magana."

Ya miƙe kamar ba tsoho ba, ya kifa kan gora, ƙafafu suka fara aiki. Ya zagaya ta bayan 'yan agwagin yana kaɗa ruwa da tafi, yana tsinto su ɗaya-ɗaya yana jefawa ciki. Sai dai cinikin ya ci lokaci. Yana miƙa hannu ga na ƙarshe, shirwa ta sauko ta sure shi a gaban idonsa. Ya bi ta da kallo har ta ɓace bayan kacala, murmushin ya ragu.

Ya fito ya ajiye goran gaban Zainaba. Ta durƙusa ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

"Takwas ne, Baba."

"Takwas ne. Ɗayan a wuyana yake, 'yata. Na tsawaita zance."

Ta kwashe su a ƙwarya, kaza na biye da ita tana mita. Ta ɗan yi gaba, sai ta tsaya, ba tare da ta juyo ba.

"Wancan buhun kuma a kawo shi gida. Tunda ana kamawa, mu ma muna da baki."

Haris ya dubi buhun, ya dubi kakansa, ido ya cika da hawaye.

"Tsoho, yanzu har da su za a riƙa rabawa?"

"Ɗauki mu tafi, ƙato. Wa ya ce maka an sa duka a buhu?"